Ɗigon Fensir

Litinin, 3 ga Maris

An kawo mana ɗalibar digiri na biyu daga jami'a, za ta yi wata uku tana bincike a sashenmu na biyan diyya. Ba a nemi ra'ayina ba. Manaja ya shigo da ita, ya ce ni zan kula da ita, ya sa aka ajiye mata teburi a bakin taga. Shekara goma sha tara ina kamfanin inshorar nan, ban taɓa zama a bakin taga ba. Na yi mata barka da zuwa, domin abin da ya wajaba ke nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Bincikenta a kan dalilan da suke sa a ƙi biyan masu neman diyya ne. Wato aikina. Mai buga mana takardu har ta laƙaba mata Farfesa, ita kuma tana amsawa da dariya. Ba yarinya ba ce. Shekara takwas ta yi tana koyarwa kafin ta koma karatu. Ta nemi makullin ɗakin tsofaffin fayiloli. Na ba ta, ina fatan ƙura ta koro ta.

Talata, 18 ga Maris

Ƙurar ba ta koro ta ba.

Laraba, 26 ga Maris

Ta zo da fayil uku, ta buɗe bangon kowanne, ta nuna ƙasan kusurwar hagu. "Malam, wannan ɗigon fa?"

Na ce datti ne. Ta ce ba ta san dattin da yake zaɓen kusurwa ɗaya shekara goma sha biyar ba. Ta ƙirga fayil ɗari biyu da goma sha huɗu, kowanne da ɗigon fensir, duk an ƙi biyansu bisa ƙa'idar kwana bakwai, kowanne da sa hannuna.

Ƙa'idar ta ce wanda bai sanar da mu asararsa cikin kwana bakwai ba, ba shi da komai a wurinmu. Na fara ɗigon ne a kan wani tela da shagonsa ya ƙone, ya yi kwana tara a asibiti, hannayensa a naɗe. Na ƙi biyansa, domin ƙa'ida ce. Sannan na ɗiga. Tun daga ranar, duk fayil ɗin da na ƙi alhali zuciyata ba ta yarda ba, nakan ɗiga masa. Tsakanina da Allah ne. Ko maiɗakina ba ta sani ba. Ina ruwan jami'a da shi?

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ta sa ɗigon a babi na huɗu na kundinta, har da jadawali, ta kuma miƙa wa Manaja kamar yadda yarjejeniyarsu ta tanada. Abin da na ɓoye shekara goma sha biyar ya zama layi a takardar wata.

Manaja ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce idan hukumar da take sa mana ido ta karanta cewa jami'inmu da kansa yana shakkar hukuncinsa, ba mu san inda maganar za ta tsaya ba. Ya riga ya tsara wasiƙa mai cewa ɗigon ba ya nufin komai; sa hannuna kawai ake jira. Idan na sa, babin ya rushe, ita kuma ba za ta kare kundinta bana ba. Ya tuna mini cewa kujerar mataimakinsa za ta zama babu kowa a watan Yuni. Da zan fita, ya turo mini abin goge fensir, ya ce in taimaka in rage musu datti.

Na sami Farfesa a teburinta, na tambaye ta wa ya ba ta izini. Ta ce ai ba ta sa sunana ba. Na ce a sashen mutum huɗu? Sai ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Amma da ba ka so a gani, da a zuciyarka ka ɗiga."

Na koma teburina. Da na tsaya, da na faɗi abin da zan yi nadamarsa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na gaya wa maiɗakina komai da safe, ina tsammanin za ta taya ni fushi. Ta gama zuba mini shayi, ta ce, "Baban yara, telan nan ya san ka ɗiga masa?" Na fita ban sha shayin ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na shiga ɗakin fayiloli da abin gogen. Na fara da na telan. Baƙin ya fita, amma gurbin bakin fensirin yana nan a jikin takardar, ana jinsa da yatsa. Ashe da ƙarfi na danna a ranar. Daga bisani na mayar da ɗigon inda yake, na kulle ɗakin.

Ina fushi da Farfesa, ina fushi da Manaja. Akwai na uku, amma ba zan rubuta shi a nan ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na mayar wa Manaja wasiƙarsa yadda ya ba ni, da abin gogensa a kai. Ya dube ni, ya ce ashe ba na son Yuni. Na ce ina so. Maganar ta ƙare a nan.

Na ajiye wa Farfesa rabin shafi a kan ma'anar ɗigon, na kuma gyara mata lissafi: ɗari biyu da goma sha shida ne, biyu suna cikin aljihun teburina. Ta fara godiya, na ce ta duba jadawalinta da kyau, akwai ganganci a ciki.

Bayan la'asar aka kawo fayil ɗin wani direba da ya sanar a rana ta goma, yana kwance da karaya. Na rubuta a shafin farko cewa ban amince a ƙi biyansa ba, na kawo dalilina, na sa hannu da biro, na tura sama.

Ba don Farfesa ba. Fensirin ne ya gajarce, ban kuma samu sayen wani ba.