Farar Rigar Bishiyar Kaka

Litinin, 10 ga Yuli
Kaka Rosenda ta kira daga gidan Gwaggo Ercilia a garin Lonquimay. Likita ya ce idonta ba zai kai ƙarshen hunturun nan da muke ciki ba. Abu ɗaya take so ta gani: tsohuwar bishiyar pehuen da take tsintar 'ya'yanta tun tana yarinya, da farar ƙanƙarar safiya a jikinta. Na ce zan ɗauko mata. Na ari kyamarar Froilán, ɗan kawuna.

Ta ce, "Aniceto, ka gaishe ta kafin ka ɗaga ƙarfen nan. Ba a ɗaukar komai a dawa sai da izini."

Na ce to. Hoto ne fa, ba sara zan yi ba.

Laraba, 12 ga Yuli
Hawan dutse na awa biyu, dusar ƙanƙara har gwiwa. Rassan fari fat, kamar an barbaɗa gari. Sanyi ya kashe batir. Da na dawo, Froilán ya yi ta dariya har da riƙe ciki: "Sannu, mai hoto! A hammata ake ɓoye shi, sakarai."

Alhamis, 13 ga Yuli
Hazo. Ko bishiyar ban gani ba.

Asabar, 15 ga Yuli
Batir a hammata, kyamara cikin riga. Ina fito da ita gilashin ya yi gumi. Kafin ya washe rana ta leƙo, farin ya fara ɗiga. Na ƙirga, minti shida ne tsakanin hasken farko da ɗigon farko. Nan gaba a reshe zan rataye ta, ta sha sanyi tukuna.

Yau Kaka ba ta gane Gwaggo ba sai da ta yi magana.

Talata, 18 ga Yuli
Na isa da wuri, na rataye kyamara. Ina tsaye ina jira, bakina ya motsa da kansa: "Ina kwana, tsohuwa. Jikan Rosenda ne." Na tsiyaya mata ɗan shayin mate a gindi. Ba wanda ya gani.

Hoto uku. Na biyun ne ya yi.

Lahadi, 23 ga Yuli
An wanke hoton babba. Kaka ta kai shi har bakin hancinta, ta daɗe tana bin rassan da yatsa. Can ta ce, "Reshen hagu ya karye."

Haka ne, ya karye. Ta gani ke nan.

Ba ta tambaya ko na yi gaisuwar ba. Rataya kyamarar ce ta yi aiki, na sani. Gobe dai zan hau, ba kyamara. Ranar na sauko ban ce na gode ba.