Katin Ƙauyenmu

Damagaram, daren Laraba

Ban gaya wa kowa ba, har Inna. Yau bayan an tashi lakwal, wato makaranta, Malam Isufu na ɗakin karatu ya koya mini neman littafi a akwatin katuna. Da ya juya baya, na nemi sunan ƙauyenmu. Akwai kati, har ya yi ja don tsufa. Na ɗauko littafin, na yunwar zamanin kakanni ne. Na ga hoton rijiyarmu a ƙafe, wata mata tsaye a bakinta, fuskarta sak ta Inna. Da ɗan Faransancina na gane duk wanda ya tsaya a garin bai tsira ba.

Malam ya ce, "'Yata, kin samu?" Na ce a'a.

Baba yana can ƙauye shi kaɗai, yana jiran ruwa. Gobe zan ba mai motar Tirmini wasiƙa ya kai wa Baba: ya bar gonar, ya taho.