Kwana Uku Ina Gudun Tabarma

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan makwancinki da haske da sanyi. Ni ne Isufu, daga ƙasar Maroko, wani ƙauyen bakin teku kusa da Agadir. Da kina nan, Yaya Rakiya ce za ta karanta miki wannan a tsakar gida, tana gyara mini rubutu tana dariya. Yanzu na sa ta inda kowa zai gani, don ban san inda zan aika ba.

Inna, na gaji. Kuma ba aiki ne ya gajiyar da ni ba.

Wata bakwai ke nan da rasuwarki. Ranar da Yaya Rakiya ta kira ni, ina ɗauraye rigunan roba na masu wasan teku. Aikina ke nan: in wanke, in shanya, in ɗauki allunan da suke tsayawa a kai su bi raƙuman ruwa. Na yi salati, na kashe waya, na ƙarasa wankin. Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, hanyoyi a rufe, takarduna kuma irin waɗanda in ka fita ba ka dawowa. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, ban zauna kan tabarma ko sau ɗaya ba. A nan ba wanda ya san ki, balle ya ce mini ya haƙuri.

Sai makon jiya Mutari na gidan Malam Habu, wanda ke karatu a Rabat, ya kira ni. Ya ce Lawali tela ya zo sarin jallabiya, suna tafe su yi mini gaisuwa. Lawali yana cikin waɗanda suka ɗauki makararki. Shi ya ji maganarki ta ƙarshe.

Kin tuna ranar da zan tafi, shekarar da hatsinmu ya tsaya iya gwiwa ya bushe? Kika raka ni har bakin tashar Matameye, kika ce, "Damina biyu na ba ka, Isufu, ba uku ba." Na yi huɗu. Shi ya sa na ji tsoron bakin Lawali.

Da na tarbe su a tasha, Lawali ya fara ɗaga hannuwa zai yi addu'a, na fizge jakarsa na ce mota za ta tashi. Tabarma ɗaya ce a ɗakina. Tun kafin su iso na naɗe ta na tura bayan ƙofa. Kin san gaisuwar mutuwa ba a yin ta a tsaye.

Washegari da sassafe na kai su dutse. Na saba raka baƙin maigidana can, na san kowace kwana. Lawali ya zo da takalmin sallah mai tsini. Ba mu yi nisa ba ya cire ya riƙe a hannu. Yana haki ya ce, "Yanzu kai, ba akuya ta ɓata ba, ba itace za mu yi ba, hawa kawai?" Na ce hawa kawai. Ya ce Allah ya kyauta. Da muka ga awaki a kan bishiya suna cin 'ya'yanta, ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce ashe abin na gari ne, har dabbobin ba sa zama ƙasa.

Duk inda suka nemi inuwa su zauna, sai in ce gaba ta fi kyau. Da muka kai ƙololuwa suka ga teku shimfiɗe har ƙarshen ido, Mutari ya ce subhanallah. Lawali ya ce da za a ja rabin wannan a kai garin Ɗan Barto can wajenmu, da an huta. Na ce ruwan gishiri ne. Ya ce, "To amfaninsa me?" Sai na ji kamar ke ce kika faɗa. Na ce mu sauka, iska ta taso.

Rana ta biyu na kai su ruwa. Na sa musu rigunan roba, Lawali ya ce ko ɗan makaranta ne ya kawo masa wannan ɗinkin sai ya farke. Na koya musu a kan yashi: ka kwanta, ka tura da hannu, ka miƙe. Mutari ya tsaya sau ɗaya, ya yi ihu kamar yaro. Lawali kuwa teku ta juya shi kamar ana wankin tsumma. Na yi dariya, Inna. Dariyar farko tun rasuwarki, kuma ta yi mini ciwo a ƙirji.

Rana ta uku na sake jan su bakin ruwa. Lawali ya karɓi allonsa, ya ja shi nesa da ruwa, ya kwantar kan yashi, ya hau ya tanƙwashe ƙafa. Ya jawo nawa ya ajiye a gabansa. Ya ce, "Isufu, tun daga Matameye na ɗauko gaisuwar nan, ta fi jakata nauyi. Ka hau da ni dutse, ka jefa ni ruwa. In sama ce ta rage, mu je. Amma sai ka zauna."

Na zauna.

Suka ɗaga hannu, muka yi Fatiha, Turawa na wucewa da allunansu suna kallonmu. Lawali ya ce ya haƙuri. Bai matsa mini ba, ya jira, har na ce da godiya.

Sannan ya faɗa mini. Ya ce kin sa an nuna miki hotona a waya, ina tsaye kan ruwa, kika daɗe kina kallo. Kika ce, "Ku ce ya zauna inda yake, gonar bana ko kara ba ta yi ba. Ban riƙe shi da komai ba. Amma yaron nan haƙurinsa ya yi yawa, ciwo ma ɓoyewa yake. Ku zaunar da shi."

Ya zaro gwangwanin madara daga aljihu, ɗaure da leda. Yajin da kika daka ne kafin ki kwanta. Na buɗe, na yi atishawa, daga nan hawayen suka samu hanya.

Sun tafi jiya. Ƙafafuna a kumbure, na kasa zuwa aiki. Na jawo tabarmar daga bayan ƙofa na shimfiɗa, a kanta nake wannan rubutu, kuma ba zan naɗe ta ba sai ta kwana uku. Duk wanda ya san ki ya ga wasiƙar nan, Inna, in ya ce mini ya haƙuri, yanzu zan amsa.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya shayar da ke ruwan da ba gishiri. Ya saukar wa Matameye damina mai albarka, ya buɗe hanya in zo in tsuguna a gefen kabarinki. Amin.

Ɗanki da ya ƙara damina biyu,
Isufu