Ranar da Na Karɓe Fensirin Ni-na-iya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar kewa, da fatan ke da maigida da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta fara takawa zuwa ƙofar gida, Auta kuma ya koma wurin ɗinki.

Yaya, ni dai na gaji. Hedimasta ya ce lallai mu riƙa zaunar da yara rukuni-rukuni, su koyi aiki tare. Kullum da safe sai na jujjuya bencuna masu nauyin tsiya, kafin tashi muryata ta dishe. Wannan ya ce an ci masa wuri, wancan ya ce ba ya zama da mai majina. A gida ko hira ba na iyawa, sai dai in nuna da hannu.

Wadda ta fi ba ni wahala yarinya ce mai kaifin kai, yara na kiranta Ni-na-iya. Da na ba da lissafi sai ta janye takardar ta gama, 'yan rukuninta kuwa suna hamma. Da abin ya ishe ni na karɓe fensirinta, na ce daga yau bakinta kawai zai yi aiki, wani ya rubuta. Ta yi kuka har da shessheƙa. Washegari uwarta ta zo min da faɗa a gaban yara, wai na ɗaure mata 'ya da daƙiƙai. Na ba ta haƙuri, amma ban mayar da fensirin ba. Na koma gida ina tunanin ajiye aikin.

Shekaranjiya rukunin nata suka haɗa kai, suna ta gardama, suka kawo amsa. Ba daidai ba ce. Ina jiran ta ɗora wa wani laifi, sai ta ce, "Malama, ki ƙara mana lokaci, mun gano inda muka ɓata." Ban taɓa jin "mu" a bakinta ba sai ranar. Ban ce an gama ba, don jiya ma sai da na raba dambe. Amma ajiye aikin dai na fasa.

Ki gaida Yaya Babba da Gwaggo da 'yan biyunki. Inna na gaishe ku. Ki sa ni a addu'a, ni da maƙogwarona.

Taki ƙanwa,
Malamar aji uku