Jirgin da ke leƙen tsakar gidanmu

Malama, ki taimake ni kafin in yi aikin da-na-sani. Ni ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ina kiwon tantabaru a saman ɗaki. Kwanan nan wani ƙaramin jirgi marar matuƙi, irin mai ɗaukar hoton nan, ya sa mu a gaba. Da la'asar yake zuwa, yana ƙugi kamar ƙudan zuma, ya tsaya cak a kan tsakar gida. Tantabaruna sun watse, sun bar ƙwai ya lalace. Wannan ma mai sauƙi ne. Banɗakinmu ba rufi, kakata ta daina wanka da rana, ƙannena mata sai da mayafi suke fitowa shanya, a gidan ubansu. Inna kuwa ido kawai take ɗagawa sama.

Shekaranjiya abokina ya nuna mini tallan wani dillali a waya. Gidanmu ne daga sama, an zagaye shi da jan layi, har igiyar shanyarmu na gane. Mu ba mu sa gida a kasuwa ba. Amma baffana, wanda da sai a yi shekara bai leƙo mu ba, yanzu kullum yana tafe, yana auna katanga da ido. Na haɗa danƙo, na tara tsakuwa, kuma ba na kuskure. In kakkaɓo shi?

Mai Tantabaru

Ɗana Mai Tantabaru, ajiye danƙon nan. Ka yi kyan kai da ka tambaya tukuna. Ranar da ka fasa jirgin, kai za a kama, gida ya zama ba mai tsaya masa, kuma mai jan layin ba abin da zai fi masa daɗi.

Kishinka gaskiya ne. A wurare da yawa doka ta taƙaita shawagi da ɗaukar hoto a kan gidajen mutane ba izini. Ka ɗauki bidiyon jirgin, ka adana tallan, ka kai wa lauya ya faɗa maka abin da dokar wurinku ta ce. A rufe banɗakin gobe, ko da buhu ne.

Kada ka yanke wa baffanka hukunci tun yanzu. Wataƙila yana da haƙƙi a gidan, wataƙila dillalin ne ya yi gaban kansa. Ku zaunar da shi gaban manyan dangi, Inna na nan, ka ajiye masa hoton. Amma kada a kai mako, domin gidan da aka yi wa jan layi ba ya daɗewa bai ga baƙi ba.

Allah ya tsare muku rufin asirinku, kaka ta koma wankanta da rana.