Hajiyata na tafe, a cire sunana daga makon al'adu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Tsangayar Kimiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, da albishir na zo: bizar mahaifiyata ta fito! Ranar Asabar Hajiya za ta sauka Dubai daga Kano, kwana goma za ta yi. Shekara huɗu rabona da ganinta sai a waya. Tun da saƙon ya shigo na kasa zama waje ɗaya, har ɗalibaina suka ce yau lissafi ma daɗi yake yi.

Sai ga jadawalin makon al'adun jami'a, ya faɗo daidai kwanakin nan. Sunana ya fito sau biyar a ciki, kuma ba wanda ya tambaye ni. Kukana biyu ne.

Na ɗaya, lissafi aka ɗauke ni koyarwa. Amma da yake ni kaɗai ce baƙar fata a tsangayar, duk shekara ni ce mai "abincin Afirka". Ni ke zuwa unguwar Al Sabkha neman kuka da daddawa wajen 'yan kago masu kawo kaya daga gida, ni ke zaryar teloli a unguwar Satwa don ɗinkin kayan bikin. Bara tukunya uku na tuƙa, aka yi mini tafi, na koma na tarar da takardun jarrabawa suna jirana.

Na biyu, duk ɗalibin da ya fito daga Afirka, ɗan Gana ne ko ɗan Kenya, ofishina ake nuna masa, kamar ƙauyenmu ɗaya. Ina son yaran nan har raina. Sai dai wannan aiki ba ya cikin takardar ƙarin girma, kuma shi ya cinye mini Asabar da Lahadi. 'Yata ta daina tambayar ko zan zo wasan makarantarsu, wannan kuwa yana yi mini ciwo.

Roƙona biyu ne. A raba kula da ɗaliban nan tsakanin malamai duka, a kuma lissafa shi cikin aiki. Sannan bana a cire sunana. Zan shiga ajina kamar kullum, ragowar lokacin na Hajiya ne. Ta ce teku take son gani, ta tsoma ƙafa, ni kuwa wallahi har na saya mata silifa!

Idan ana buƙatar fuskata, ga ƙaton hoton nan nawa a ƙofar shiga, shekara uku ina murmushi cikin atamfa. Shi ba shi da uwa mai zuwa, sai ya tsaya a madadina.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya jiƙan mahaifa.

Wassalam,
Malamar lissafi, hawa na biyu.