Dankalin Bayan Randa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu nan Bodinga lafiya lau muke, yara da jikoki duk suna nan ƙalau, sai zafi da ya sako mu gaba. Na san ba a kai takarda inda kike, kuma na san waɗansu ne za su karanta a madadinki. Su karanta, ba komai. Ke kaɗai za ki gane abin da ya sa na yi ta dariya ni kaɗai a madafi yau.

Dalilin rubuto miki shi ne dankali. Ɗiyata, takwararki, ta dawo daga kasuwa da sabon dankalin Turawa, ƙanana ƙanana, da sauran jar ƙasar Jos a jikinsu. Sai na ga ta ɗauko wuƙa za ta fere. Da ciwon gwiwar nan tawa na yi wuf na ƙwace wuƙar. Na zuba shi cikin ruwa, na nuna mata yadda ake murza shi da babban yatsa, ɓawon ya saluɓe da kansa. Ta tambaye ni inda na koya, na ce wurinki. Ban gaya mata cewa ke ma ranar da kika koya mini ita ce ranar da kika fara gwada murza shi ba.

Kin tuna shekarar nan ta tsuke bakin aljihu, gab da zaɓe na biyu na mulkin farar hula, muna gidanmu na Dingyaɗi? Shinkafa ta ɓace daga kasuwa kamar an bi ta da tsintsiya. Sabulu sai an yi layi, madarar gwangwani kuwa sai dai a ba da labarinta. Mu dai gero da albasar Baba suka riƙe mu, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Amma ba tsadar ce ke cin ranki ba, na sani. Kawu Bello ne.

Ƙanenki ne, shi kaɗai ya rage miki a ɗakinku, kuma tun zaɓen farko bai taka gidanmu ba. Shi yana Kajiji, yana jam'iyyar da kusan kowa ke yi a ƙasar Shagari. Baba kuwa, don tsabar son gardama, ya shiga wata. Da ma abokan wasa ne, ƙanen mata da mijin yaya, sun saba yi wa juna tsiya. Ranar Sallah Kawu ya zo da sabuwar hular da jam'iyyarsu ta raba, Baba ya dube shi a gaban mutane ya ce sun ba shi hula ne don su rufe wurin da babu komai a ciki. Zaure ya fashe da dariya. Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Ba ni ƙara sa hannu ga akushin gidanga." Ya tafi, kuma ya cika maganarsa.

Ba ki taɓa yi wa Baba ƙorafi a gabanmu ba. Amma duk ranar kasuwar Bodinga sai ki tare Fulani masu tallan nono na wajen Kajiji, ki sayi nonon da ba ki bukata, don kawai ki ji ko Bello yana lafiya. Ina ganinki, Inna, kuma abin yana ba ni tausayi.

Su masu nonon ne suka kawo saƙo cewa Kawu zai kawo bijimi kasuwa mai zuwa, zai biyo ya gaishe ki a ƙofar gida, amma kada a wahala da girki. Kika ce to. Daga nan kika shiga neman shinkafa gida gida, ko mudu ɗaya ba ki samu ba.

Ana cikin haka Mamman Direba, mai kai wa Baba albasa Jos, ya sauke mana buhun dankalin Turawa tsaraba, ya juya da motarsa cikin sauri. Mu dankalin da muka sani shi ne namu na fadama mai zaƙi. Wannan kuwa sai labarinsa muke ji, wai abincin manyan ma'aikata ne. Baba ya yi ta zagaya buhun yana murmushi, ya ce bari Bello ya zo ya ga abin da gwamnatinsu ba ta iya kawowa ba. Ko a lokacin na gane shi ma yana kewar abokin tsiyarsa, girman kai ne kawai ya hana shi faɗa.

To, manomin albasa me ya sani? Abin da aka tono daga ƙasa, a baza shi ya sha iska da rana kafin a adana. Haka muka yi. Muka share tsakar gida, muka shimfiɗa tabarmi, muka baza dankali reras. Har ke kina taya mu juya shi da safe, kina korar kaji.

Bayan 'yan kwanaki ya fara yin kore. Muka kira Baba, ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya shi kamar wanda ya gaji sana'ar tun kakanni, ya ce, "Ɗanye na. Ku bar shi shi ƙara shan rana." Mu kuma muka yarda, don duk abin da muka sani kore a duniya, daga mangwaro har tumatir, jiran nuna yake yi. Muka ƙara masa rana. Shi kuma ya ƙara kore, ya fara yamutsewa.

Da Baba ya gaji da jira ya sa kika dafa masa kaɗan. Ya ci na farko ya ce haka abincin Turawa yake, sai an saba. Ya ci na biyu maƙogwaronsa ya fara ƙaiƙayi. Bai kai ga na huɗu ba ya ɗauki buta, kuma ranar nan shi da butar ba su rabu ba. Muka zuba wa akuya sauran, ta sunsuna ta kau da kai. Da Mamman Direba ya dawo ya ga tsakar gidanmu, sai ya ɗora hannu a ka ya ce, "Malam, wa yac ce maka albasa ta? Wanga abu duhu shika so!" Kin shige ɗaki kin toshe baki da gefen zane, amma muna jin dariyarki har waje.

Dariya ta ƙare, gaskiya ta rage: gobe kasuwa, Kawu na tafe, babu shinkafa, dankali ya tafi juji.

Sai kika kira ni ɗaki, kika ce in leƙa bayan randa. Inna, wannan hali naki! Komai ya shigo gidanmu, gero ne ko goro, kafin kowa ya taɓa sai kin ɗebi ƙwarya guda kin ɓoye, kina cewa, "Komi yash shigo gidanga, baƙo na da rabo ciki." Mun sha yi miki tsiya a kan haka. Ga shi nan kuwa, ƙwarya guda ta dankali a kan yashi mai sanyi, cikin duhu, fes da shi kamar yau aka tono.

Washegari da azahar Kawu ya iso. Ya ƙi wuce zaure. Ya aiko miki da ɗan ƙoƙon man shanu na gidansa, ya zauna a bakin tabarma, Baba na ɗaya bakin, suna gaisawa kamar waɗanda suka haɗu a tasha.

Ke kuwa kin riga kin hura wuta. Kin ga wuƙa za ta cinye rabin abin da ya rage, shi ya sa kika gwada murzawa da yatsa, ɓawon ya bi ruwa. Kika dafa shi da gishiri, ba ki yanka ko ɗaya ba. Kika narka man Kawu a kasko, kika yanka albasar Baba manya biyu a ciki har ta yi ja, kika juye dankalin kika juya shi a hankali. Kika daka ƙuli-ƙuli da barkono da 'yar citta kika barbaɗa. Shi ke nan girkin. Amma ƙamshin ya tsallake katanga, har maƙwabta suna tambayar ko suna ake yi a gidanmu.

Na kai akushi zaure da ruwan wanke hannu, na dawo na same ki laɓe a bayan zana. Baba ya yi bisimilla, ya ce Kawu ya matso. Kawu ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Na ji yatsunki sun nutse a kafaɗata. Baba ma, bayan abin da ya same shi, a tsorace yake taɓa dankalin.

Can sai kika sunkuyo kika raɗa mini, "Tahi ki ce mishi, man da yak kawo awa ya kwana biyu." Na je na durƙusa na faɗa wa Kawu wai mansa kamar ya kwana biyu. Kawu ya zaro ido ya ce, "Man Kajiji? Wanda anka kaɗa da asuba?" Kafin ya tuna da wata jam'iyya ya riga ya wanke hannu ya cafki ɗaya ya jefa a baki, don ya wanke mansa daga zargi. Ya tauna. Ya haɗiye. Ya ce bari ya ƙara ɗaya don ya tabbatar. Haka ya yi ta tabbatarwa har akushi ya kusa ganin ƙasa.

Saura guda ɗaya. Baba ya tura wa baƙo, baƙo ya turo wa mai gida. Abu ga santsin mai, a turawa ta uku ya yi tsalle ya bar akushi. Su biyun suka kai hannu a tare, goshi ya haɗu da goshi, huluna suka faɗi, zakaranmu ya zo ya yi gaba da dankalin. Kawu ya dafe goshi ya ce ashe kan Baba ma da ƙarar fanko yake. Ban taɓa jin Baba ya yi dariyar da ya yi ranar ba.

Sannan Kawu ya ɗaga zana ya shigo cikin gida, ya durƙusa gabanki ya ce, "Yaya." Kika riƙe kansa kina duba goshin, kina kuka kina dariya, kina cewa ya rame.

Ba a rufa shekara ba sojoji suka share jam'iyyun gaba ɗaya, aka bar Baba da Kawu da huluna. Sai suka koma gardamar wane ne ya fara kai hannu ga dankalin ƙarshe, kuma ba su gama ta ba har Baba ya riga mu gidan gaskiya. Kawu yana nan, Inna, ya tsufa, haƙora sun tafi. Yau na cika masa kula na ba mai babur ya kai masa Kajiji. Ya aiko a gaya mini man bai kai nasa ba.

Abu ɗaya ne na daɗe ina riƙe da shi. Ranar nan ko ƙwaya ɗaya ba ki ci ba, duka kika juye musu. Da na dawo da akushi, kika sa yatsa kika lakato man da ya rage, kika ɗanɗana, kika ce, "Gishiri bai ji ba." Iyakar rabonki ke nan daga buhu guda, kuma ban taɓa ganin fuskarki da haske irin na ranar ba.

Yau na dafa shi yadda kika yi, na raba wa maƙwabta sadaka da niyyar ladan ya iso gare ki. Na ƙara gishirin, Inna. Ya ji daidai, kuma na yi kewarki ƙwarai.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinku. Yadda kika ajiye wa baƙo rabonsa a duniya, Allah ya sa ki tarar da naki rabon a ajiye, cikin inuwa mai sanyi. Amin.

Ni ce ɗiyarki ta fari, wadda kunya ba ta taɓa barin ki kira sunanta ba,
Dije